In kin kira shi ta baya, yana waiwayowa?

Ranar zubi ce. An shimfiɗa tabarmi, an buɗe akwati, sai wata ƴar'uwarmu ta ce tana da magana. Ɗanta ya cika shekara uku, amma har yau in yana son ruwa sai dai ya ja zanenta ya nuna randa. Nan take shawara ta yi yawa. Wata ta ce, "Haba, ki bar shi, ubansa ma haka ya yi." Wata ta ce a kai shi wurin wanzami a yanke mishi linzami. Sai wata dattijuwa a cikinmu ta ce, "Ɗiyata, in kin kira shi ta baya, yana waiwayowa?" Uwar ta yi shiru.

Tambayar nan ita ce ta farko da ma'aikatan lafiya ma suke yi, domin yaro da kunne yake koyon magana. Abin da bai ji ba, bakinshi ba zai maimaita ba.

Gaskiya ne kowane yaro da irin tafiyarshi, amma akwai alamomin hanya. Wajen wata 6 zuwa 9 jinjiri yana gwaranci, yana "ba-ba-ba". Wajen shekara ɗaya yana juyowa in an kira sunanshi, kalmar farko ta fara fita. A shekara 2 yana haɗa kalma biyu, kamar "Inna zo". A shekara 3 yana ƴan gajerun jimloli, a shekara 4 ko baƙo yana gane mafi yawan abin da yake faɗa. Yaron da ya kai shekara 2 babu kalma ko ɗaya, ko wanda ya fara magana sannan ya daina, ba na jira ba ne, na kai wa likita ne.

A ƙasarmu abubuwan da ke taɓa jin yara sanannu ne. Akwai sanƙarau, mai zuwa lokacin zafi da ƙura, wanda ke iya barin yaro da kurumta ko bayan ya warke. Akwai ƙyanda, akwai kunnen da ke zubar da ruwa wata da watanni ana ɗiga mishi mai a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara ana iya kauce mishi, ta hanyar rigakafi da maganin ciwon kunne da wuri. Shi ya sa katin allurar yaro yake da daraja kamar littafin zubinmu.

Wani yaron kuma jinshi lafiya lau, matsalar a wani wuri take. Akwai mai tsamin baki da ya wuce lokacinshi, akwai wanda aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganda, akwai wanda ya sha wahala wurin haihuwa. Akwai kuma i'ina, wadda ta fi farawa tsakanin shekara 2 da 5, ta fi kama maza, kuma yara da yawa tana barinsu da kanta. Duka da tsawa da dariya ba su warkar da ita, ƙara ta suke yi. Jin Hausa da Zabarmanci a gida da Faransanci a lakwal ba ya hana yaro magana. Linzami kuwa da wuya ya zama dalilin jinkirin magana, kuma yanka a gida yana jawo zubar jini da ciwon da ba a nema ba.

Akwai masu sana'ar gyaran maganar yara, waɗanda a Faransanci ake ce wa ortofonis. Ba su ba da kwaya ko allura. Suna zama da yaro, su duba abin da yake ganewa da yadda yake motsa harshe da leɓe, su koya mishi sauti da wasa da hotuna da madubi, sannan su nuna wa uwa abin da za ta ci gaba da yi a gida. Ba su da yawa, kuma a manyan birane ake samunsu. Hanya tana farawa daga likitar unguwa ko ta ƙauye, daga nan a tura ki wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. A Yamai asibitin yara na CURE yana ɗinkin tsagaggen leɓe, kuma akwai makarantar kurame ta Hassane Bana Ba, inda yara ke karatu da maganar hannu. Kurma ba wawa ba ne, harshe yake buƙata tun yana ƙarami.

Babban aikin dai a hannunmu yake. Ki sauke shi daga goyo, ki dube shi ido da ido. Kina daka ko wanki, ki riƙa faɗa mishi sunan abin da ke hannunki. In ya nuna randa, ki ce "ruwa", ki ɗan dakata ki ba shi dama. In ya ce "uwa", kada ki ce ya yi kuskure, ki ce, "I, ruwa kake so." Mai i'ina a bar shi ya ƙare maganarshi da kanshi. A yi mishi waƙa da gatana, a rage barinshi da salula ko tele, domin su ba su amsa mishi. In kunyar ɗan fari ta hana ki sakewa da shi a gaban mutane, ki yi a ɗaki, kaka da goggo da yayye su kama miki a tsakar gida.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi, mun saba haɗa dala-dala mu yi abin da mace ɗaya ba ta iyawa. Sau da yawa kuɗin mota ne ke tsare uwa a gida, ga kuma rashin wanda zai riƙe mata sauran yara. Ƙungiyar ƴar'uwar nan tamu ta fitar mata da kuɗin mota daga asusun taimako, maƙwabciyarta ta ɗauki girkin ranar.

A zubi mai zuwa, bayan an rufe akwati, mu ɗauki minti goma mu tambayi juna labarin bakin ƴaƴanmu. Wadda ke da shakka, a samu mai raka ta likita cikin satin nan. Allah ya raya mana su.