Mu Kare Fatarmu Daga Ƙunar Rana

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Imanan da ƙasar Kurfai, aikinmu duka a rana yake. Da damina muna gonar hatsi. Da rani muna garka, muna ban ruwan dankalin turawa. Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Mun saba da rana, amma sabo ba ya hana ta yi mana lahani.

Yaya rana take ɓata fata?

A cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani. Shi ne yake ƙona fata. Hazo da gajimare ba su tare shi duka. Ɓarnarsa tana taruwa sannu a hankali: fata ta bushe, leɓe ya tsage, ido ya yi yana. Wani lokaci yakan kawo sankarar fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019, mutum kusan 19,000 suka mutu da wannan ciwo saboda aiki a rana.

Baƙar fata tana da kariya, amma kariyar ba cikakkiya ba ce.

Su wa rana ta fi cutarwa?

Jarirai, domin fatarsu ba ta yi ƙwari ba. Sai masu shafa man canza launin fata, domin man yana cire kariyar da Allah ya ba su. Amma wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne zabiya.

Zama zabiya ba baki ba ne, ba aikin aljannu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa wajen zama tare. Gado ne daga uwa da uba duka biyu. Fatar zabiya ba ta da abin da yake tare rana. Idan ba a kula ba, sankara takan kama shi tun yana matashi. Kada a tura shi kiwo ko ɗiban ruwa da tsakar rana.

Me za mu yi?

1. Mu dubi inuwarmu. Idan ta fi mu gajarta, rana ta yi ƙarfi. Wannan yakan faru daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Aiki mai nauyi, a yi shi da sassafe ko bayan la'asar.

2. Mu sa malafa mai faɗi. Hula ba ta rufe kunne da ƙeya. Rawani da mayafi ma suna taimakawa.

3. Mu sa riga mai dogon hannu da dogon wando. A ɗaga ƙyallen a rana. Idan haske yana ratsa shi sosai, bai isa kariya ba.

4. Mu bar itatuwa a gona. Gawo yana da ganye da rani, lokacin da muka fi bukatar inuwa.

5. Mai goyo ta rufe kan yaro da ƙyalle mara nauyi, ta bar masa hanyar shan iska.

6. Man kaɗe yana taushe fata, amma bai isa ya tare rana ba. Zabiya yana bukatar man kariyar rana mai lamba 50. A sake shafawa bayan kowace awa 2.

Yaushe za a je asibiti?

Idan miki ya yi wata guda bai warke ba, ko tabo yana girma, ko yana zubar da jini, kada a tsaya shafa toka ko sassaƙe. A je asibitin Bonkuku ko na Filinge. Sankarar fata da aka gano da wuri tana warkewa.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Kuɗin malafa bai kai kuɗin motar zuwa asibitin Yamai ba.