Ranar Rabon Kyauta Ga 'Yan Matan Lakuros

'Yan'uwana mata, yau labarinmu na wani wasa ne da a ke kira lakuros, da yadda a ke yi wa yara mata kyauta in lokacin wasan ya ƙare.

Asalin wasan na mutanen farko ne na Amurka ta Arewa, musamman ƙabilun Irokwa. Kowace yarinya tana riƙe da sanda mai 'yar raga a kai, kamar ƙaramar komar masunta. Da ita ta ke cafe ƙwallon roba, ta ruga da shi, ta jefa wa 'yar'uwarta, ko ta zura a gidan abokan karawa. Mata sun fara shi cikin 1890 a makarantar St Leonards ta Sikotland, bayan tsohuwar shugabarta, Louisa Lumsden, ta gan shi a Kanada. Wata ɗalibar makarantar, Rosabelle Sinclair, ita ta kai wa 'yan matan Baltimo ta Amurka cikin 1926.

A makarantun Amurka a kan yi wasan daga Maris zuwa Mayu. In an gama, sai a taru da iyaye, a ci a sha, sa'an nan mai koyar da wasa ta tashi ta kira sunaye. Akwai kofin gwanar shekara, da na wadda ta fi kai hari, da na wadda ta fi tsare baya, da na sabuwar shiga, da na kyan hali, da kuma na wadda ta fi ci gaba. Manyansu na jami'a kuwa suna da kyautar Tewaaraton tun 2001, watau sunan wasan ke nan da harshen Mohok.

To, ga inda wuyar ta ke. Wadda ta zura ƙwallo kowa ya gan ta, an tafa mata. Amma wa ya tsinto ƙwallon daga ƙasa? Wa ya miƙa mata? Wa ya tare na abokan karawa a bakin gida? Don haka malama mai hankali ta kan rubuta waɗannan duka a littafi tun wasan farko. In ba ta yi ba, masu tsaron baya sai su ga wahalarsu ta tafi a banza, baɗi su ƙi dawowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni dai a ganina kofin ci gaba ya fi sauran daraja, gama yarinya da kanta ta ke gasa. Wadda a watan Maris ba ta iya cafe ƙwallo ba, ga ta a Mayu tana cafewa cikin gudu.

Ku iyaye, in 'yarku ta dawo hannu wofi, kada ku gwada ta da 'yar maƙwabta. Ku tambaye ta abin da ta iya bana wanda ba ta iya ba bara. Ku kuma 'yan makaranta, in an kira sunan ƙawarku, ku riga kowa tafa mata.