Ragowar Zaren Ulu: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk mai saƙar kwarashi a Keffi tana da wata leda da take cusa guntayen ulu in ta gama hular jariri ko safa. Ja kamu biyu, shuɗi kamu uku; ba su isa saƙa ba, rai kuma bai yarda a zubar ba. Kafin hunturu ya wuce, leda ta cika. Waɗannan guntaye, da naɗi kawai, ba allura ba kwarashi, ake mayar da su kayan ado.

Abin ba baƙo ba ne gare mu. Iyayenmu mata sun daɗe suna ƙawata faifai da mafici da ulu don jeren amarya. Can ƙasar Meziko ma, ƙabilar Huichol kan gitta sanda biyu su naɗe da zare launi-launi, kuma wannan salon ya fi sauƙi ga ɗan koyo.

A samu tsinken tsire biyu masu tsabta, a gitta su, a ɗaure tsakiya tam. Sai a zagaya zare sau ɗaya a kan tsinke, a wuce na kusa da shi, a sake zagayawa, haka har a dawo inda aka faro. In launi ya ƙare, a ƙulla wani, a tura ƙullin baya. Gwanintar duk tana ga jan zaren. In an ja da ƙarfi, tsinke ya lanƙwashe. In an sassauta, layuka su buɗe baki ana hango bango ta tsakani. Kowane zagaye ya kwanta a gefen ɗan'uwansa, kada ya hau kansa, ana dannawa da farcen babban yatsa. Ni dai na fi son launi uku. In sun wuce haka ido ya rasa inda zai tsaya.

Haka ake naɗe tsohon awarwaro, ko kwalba, ko kwalin da aka yanka, da ɗan gam a farko da ƙarshe. Tuntu kuwa, a naɗa a yatsu huɗu, a zare, a ɗaure tsakiya, a datse gefe biyu da almakashi.

Sai a kula: yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne. A kanga wa guntu ashana a gani. Na roba narkewa yake ya dunƙule baƙi da tauri, na gashi kuwa ya yi ƙaurin gashi ya bar toka mai murmushewa. Don haka kada a rataye abin adon kusa da murhu ko fitila, kada kuma a bar ƙaramin tuntu inda jariri zai kai baki.

Mai son ɗan ciniki ta fara da tuntun maƙalar makulli, ta gwada wa ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan garin.