Ko Kun Sani? Kafuwera, Wasan da Ya Haɗa Faɗa da Rawa

Kafuwera wasa ne na ƙasar Birazil da ya haɗa dabarun kare kai da rawa da kiɗa, kuma asalinsa daga bayin da aka kwaso daga Afirka ne, musamman yankin Angola da Kwango. Ana yin sa a cikin "roda", wato da'irar da mahalarta ke kafawa suna tafi da amshi, yayin da mutum biyu ke karawa a tsakiya. Ginshiƙin motsinsa shi ne "jinga", wani rangaji na gaba da baya da ba ya yankewa, wanda daga cikinsa ake fitar da shuri da kauciya da alkafura. Gwani kan nuna cewa zai iya kai duka, sa'an nan ya janye ƙafa bai taɓa abokin karawarsa ba, kuma a nan ne ladabin wasan ya fi bayyana. Saurin karawar yana hannun mai kaɗa "berimbau", wato baka mai tsirkiyar waya ɗaya da aka ɗaura wa ƙwarya domin ƙarin amo.

Shekara biyu bayan soke bauta a 1888, dokar laifuffuka ta 1890 ta haramta wasan, aka riƙa kama masu yin sa. Martabarsa ta ɗaukaka ta hannun Mestre Bimba, wanda ya buɗe makaranta a birnin Salbado na jihar Bahiya a 1932, da Mestre Pastinha, wanda ya riƙe salon gargajiya mai suna Angola. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya roda cikin jerin al'adun gado na bil'adama.