Ranaku Masu Suna da Kalandar Mutanen Adar

Manomin Buza ko na Keita yana tafiya da kalanda uku a lokaci guda, ko da bai taɓa rataya ɗaya a bangon ɗakinsa ba. Ta farko ta sama ce da ƙasa: bazara, damina, kaka, ɗari, rani. Ita ke faɗa masa lokacin sharar gona, lokacin shuka, da lokacin da samari za su ɗaure jaka su tafi cin rani. Ta biyu ta wata ce, mai azumi da Sallah da Layya da cika-ciki da Mauludi. Ta uku kuwa ta hukuma ce, kuma a cikinta ne ake samun ranakun nan masu suna da rediyo ke sanarwa: ranar mata, ranar ruwa, ranar yaƙi da masassarar cizon sauro, ranar wanke hannu. Biyun farko ba sa buƙatar mai shela. Ta ukun ita ce mutane da yawa ke jin labarinta ba tare da sanin wanda ya tsara ta ba, ko dalilin da ya sa wata rana ke kama zukata wata kuma ta wuce ba a ma ji ƙurarta ba.

Mafi yawan ranakun da ake kira na duniya daga Majalisar Ɗinkin Duniya suke fitowa. Wata ƙasa ce ke kawo shawara, ta nemi goyon bayan wasu, babban zauren majalisar ya amince da ƙuduri, shi ke nan rana ta samu suna. Wasu kuma hukumomin majalisar ne ke ayyana su, kamar ta lafiya, ta abinci da noma, ko UNESCO. Yanzu sun haura 200, wato sun fi rabin kwanakin shekara. Kwanan watan kuwa sau da yawa tarihi ne ke zaɓensa. Ranar abinci ta faɗo 16 ga Oktoba saboda a ranar aka kafa hukumar FAO a 1945. Ranar yaƙi da hamada da fari ta zama 17 ga Yuni saboda a ranar aka amince da yarjejeniyar yaƙi da kwararowar hamada a Paris a 1994. Ranar yaron Afirka, 16 ga Yuni, tunawa ce da ɗaliban Soweto na 1976.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙudurin ba ya zuwa da kuɗi. Sau da yawa ma a cikinsa ake rubuta cewa duk abin da za a kashe sai dai daga gudummawar sa-kai. Don haka rana takan sauko ne ta tsani: ma'aikatar minista a Yamai ta karɓi taken shekara, ta zaɓi garin da za a yi bikin ƙasa, ta aika wa jihohi, daga Tawa a sanar da Madawa da Buza da Keita. Can ƙasa, idan akwai wani furoje ko ƙungiyar agaji da aikinta ya shafi batun, sai a ga rumfa da kujeru, ƙyalle mai rubutu, riguna da huluna, jawabin shugaban gunduma da na magajin gari, sarki ko wakilinsa, 'yan makaranta su yi wasan kwaikwayo, rediyon gari ya ɗauka. Idan babu mai ɗaukar nauyi, ranar ta tsaya a jawabin minista na jajibiri. Wannan shi ne amsar tambayar da ake yawan yi, wai me ya sa bara aka yi bikin rana kaza bana kuma shiru. Ba matsalar ce ta ƙare ba, furojen ne ya nannaɗe tabarmarsa.

Sai kuma batun dacewa da lokaci, wanda a ganina shi ne ya fi komai muhimmanci. Ɗauki ranar masassarar cizon sauro, 25 ga Afrilu. Asalinta taron shugabannin Afirka ne a Abuja a ranar a shekarar 2000, sannan hukumar lafiya ta duniya ta mai da ita ta duniya baki ɗaya a 2007. To amma ƙarshen Afrilu a Adar tsakiyar zafin bazara ne, tabkuna da yawa sun ƙafe, sauro ya yi ƙaranci, mutane na kwana a tsakar gida suna neman iska. Duk wanda ya tsaya a lokacin yana wa uwa huɗubar gidan sauro, za ta saurare shi da ladabi, amma hankalinta na wurin rijiya. Cutar kan yi kamari ne daga tsakiyar damina zuwa kaka, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tamowa ta haɗu da zazzaɓi a jikin yaro ɗaya. Abin da ke kare yara a lokacin ba shi da wata rana mai suna: rabon maganin rigakafi ne na wata-wata ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, daga Yuli zuwa Oktoba, wanda hukumar lafiya ta duniya ta ba da shawararsa a 2012, kuma Madawa da Buza na cikin wuraren farko da aka fara shi a Nijar a 2013 tare da ƙungiyar likitoci ta MSF. Wannan ba ya nufin 25 ga Afrilu banza ce. Amfaninta a ofis yake: lokacin da ake ƙirga kuɗi, a yi odar magani, a tuna wa masu ba da tallafi alkawarinsu kafin ruwa ya sauka. Masu riƙe da alƙalami ake tayarwa da ita, ko da a dandalin ƙauye aka kafa rumfar.

Ranar 17 ga Yuni ma haka take, sai dai ta wata fuskar. Idan ruwan shuka ya sauka a makon, babu manomin da zai bar gonarsa ya zo sauraron bayani kan hamada, alhali shi ne ya fi mai bayanin saninta.

Ranar da aka auna da daminar ƙasar nan ita ce 3 ga Agusta. Ranar samun 'yancin kai ce ta 1960, amma tun 1975, zamanin Seyni Kountché, bayan farin da ya halaka dabbobi da itatuwa a farkon shekarun 1970, aka mai da ita ranar dashen itatuwa. An yi dabara a nan. A farkon Agusta ƙasa ta sha ruwa, akwai sauran makonni na damina a gaba, ɗan itace na iya kama saiwa kafin iskar kaka ta busa. Kuma rana ce da ke ba mutum abin yi da hannunsa, ba zama a kujera ba. Sai dai duk wanda ya ga filin da aka dasa a Agusta ya koma a Maris ya san sauran labarin. Dashe aikin safiya ɗaya ne. Raino kuwa shekara biyu ko uku ne na shinge da ban ruwa da korar awaki.

Yankin nan yana da hujja a kan wannan fiye da ko'ina a ƙasar. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, a 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa layukan dogon yaro, biyu-biyu, tsakanin layi da layi kimanin mita 100, don karya iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Abin da ya raya su shi ne an sa masu gadi, an hana dabbobi shiga har itatuwan suka fi ƙarfin baki. A Keita kuma, daga 1984, da kuɗin Italiya da jagorancin FAO da abincin hukumar PAM, aka shiga aikin farfaɗo da fako da gangaren duwatsu: haƙa ramuka, jera duwatsu, gina madatsai a ƙoramu, dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan masu aikin mata ne, domin maza sun tafi cin rani, kuma mafi nauyin aikin a rani aka yi shi, watanni kafin a ɗauko ɗan itace daga wurin raino. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Idan aka zo 3 ga Agusta a irin wannan wuri, ramin na nan, ruwan na tsayawa a cikinsa, akwai kuma wanda ya san itacen nasa ne. Inda babu waɗannan, bikin kan maimaita kansa a fili ɗaya shekara bayan shekara.

Akwai wani rukuni na ranaku da ƙarfinsu daga tunawa yake zuwa. Ranar 13 ga Mayu ta matan Nijar ta samo asali ne daga tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991, suna neman a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Shi ya sa a ƙasar nan ta fi ranar mata ta duniya ta 8 ga Maris armashi: wannan tasu ce, waccan baƙuwa. Ana yawan gunaguni cewa ta koma ranar atamfa, kowace shekara da zanenta, teloli su kwana a kan keke, maigida ya shiga uku. Gunagunin na da gaskiyarsa. Amma ni ina ganin atamfar ce ta kai kwanan watan inda jawabi bai taɓa isa ba. Abin da ya rage shi ne mai ɗaure da ita ta san abin da aka yi a 1991, kuma wannan aikin malaman makaranta ne da rediyo da ƙungiyoyin mata. Ranar 24 ga Afrilu ta haɗin kan ƙasa tana tuna yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995 tsakanin gwamnati da 'yan tawaye, kuma a jihar Tawa tana da nauyi na musamman, don Cintabaradan ce ta saba karɓar bikin. Ɗalibai kuma ba sa mance 9 ga Fabrairu, ranar da aka harbe 'yan'uwansu a gadar Kennedy ta Yamai a 1990. Ita kuwa 18 ga Disamba, ranar jamhuriya ta 1958, da aka mai da bikinta na karɓa-karɓa tsakanin jihohi sai ta zama hanyar samun kwalta da gine-gine, kamar yadda aka gani a bikin Tahoua Sakola da aka yi a Tawa a 2017. Birnin Tawa ne ya ci moriyar; mutumin Tamaske ko Karofane sai dai ya je kallo.

Ranakun raha tsarinsu daban ne, don babu mai ba su kasafi kuma babu mai iya soke su. Tsohuwar cikinsu ita ce ta taubasai. A lokacin cika-ciki ake bin kuɗin shara, ɗan mace da ɗan namiji su tsokani juna, kuma wasan ya wuce dangi ya shiga tsakanin ƙabilu: Bagobirin Madawa da Bazabarme, Bafillace da Babarbare. Mutum zai gaya wa babban ma'aikaci maganar da a wani bakin sai an kai ga sarki, a yi dariya a wuce. Hukuma ta lura da amfaninsa ta keɓe masa lokaci a shekara, UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Nan tafiyar ta juya: ba daga sama ranar ta sauko ba, daga ƙasa ta hau. Kuma ba wasa ne kawai ba, domin a ƙasar da manomi da makiyayi ke haɗuwa a bakin rijiya ɗaya, samun hanyar faɗin magana mai ɗaci cikin dariya ba ƙaramin abu ba ne.

Sababbin kuwa makaranta da wayar salula ne suka kawo su. Ƙaryar 1 ga Afrilu, wadda Faransawa ke yi da kifin takarda, ta shigo ta hannun 'yan boko, malamai kuma na tsawatarwa cewa ƙarya ba ta da ranar halasci. Yau da saƙon murya ke zaga WhatsApp cikin minti kaɗan, tsawatarwar ta ƙara ma'ana, don labarin mutuwa ko na hari da aka ƙirƙira don wasa ba ya tsayawa inda aka nufa. Ranar masoya ta 14 ga Fabrairu ba ta wuce wasu samari da 'yan mata na gari ba, ita ma da huɗubarta. Majalisar Ɗinkin Duniya har ranar shayi ta ware, 21 ga Mayu, amma samarin fada da ke dafa na ɗaya da na biyu da na uku kowane dare ba su jira izininta ba.

Wani lokaci ma rarrabe ta raha da ta gaske kan yi wuya. Ranar makewayi, 19 ga Nuwamba, wadda Singafo ta kai gaban majalisar a 2013, sunanta kaɗai na sa mutane murmushi, alhali batunta shi ne gudawa da kwalara da ke kashe yara. Dariyar ce ma ke buɗe ƙofar zancen da kunya ta rufe.

Ranar Hausa ta 26 ga Agusta tana tsakanin biyun. Ɗan jarida Abdulbaƙi Jari da abokansa ne suka fara ta a 2015 a shafukan sada zumunta, ba tare da ƙudurin kowace majalisa ba: a rubuta da Hausa, a kawo karin magana, a sa kayan gargajiya a ɗauki hoto. Cikin 'yan shekaru ta fita daga waya ta shiga fadojin sarakuna da zaurukan taro a Nijeriya da Nijar da Gana da wasu ƙasashe. A ƙauyukan Adar, inda Hausa ce harshen gona da kasuwa da masallaci, ƙarshen Agusta lokacin noma ne da jiran gero ya nuna, ba kowa ke da sukunin biki ba. Waɗanda ranar ta fi taɓawa su ne 'ya'yan yankin da ke Abijan ko Legas ko Libiya, masu jin yaransu na amsa musu da wani harshe.