Kyamara Ta Gani, Amma Ba Ta Ajiye Ba

Duk lokacin da aka fasa shago ko aka haura gida mai kyamarar tsaro, zancen da ke biyo baya kusan ɗaya ne. Mai gida ya buɗe manhaja a wayarsa, ya nemi hoton daren, ya tarar wayam. Nan take zargi ya tashi: an haɗa baki da maigadi, ko yaron da ya ɗaura kyamarar ne ya goge. Wani lokacin da hannun mutum, ba a musu. Amma galibi babu wanda ya goge komai. Tun farko ba a naɗa ba, ko kuma an naɗa, na'urar da kanta ta ɗora wani a kai.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutane suka ɗauka cewa muddin suna leƙa ƙofar gidansu ta waya, to ana ajiye abin da suke gani. Kallon kai tsaye kyauta ne a kyamarori irin su Tapo, Ezviz da Imou. Ajiya a rumbun intanet kuwa, wato a kwamfutocin kamfanin, haya ce ake biya wata-wata. Sukan ba da ɗanɗano na 'yan kwanaki ko wata guda, yana ƙarewa ajiyar ta tsaya, hoto kuma ya ci gaba da zuwa tar a waya kamar ba abin da ya faru. Ko mai biyan ma wa'adi gare shi, yawanci kwana 7 ko 30.

"Ai na sa memori," in ji wani. Madalla. Sai dai memori allo ne: idan ya cika sai a wanke a sake rubutu, kuma tsohon karatu ake fara wankewa. Kyamarar 1080p mai zuba megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan GB 22 a kwana ɗaya idan tana naɗi ba tsayawa. Memori mai GB 64 ke nan da ƙyar ya kai kwana uku. Ɗan kasuwar da bai lura kaya sun ragu ba sai da ya zauna lissafin ƙarshen mako, an riga an wanke allonsa sau biyu. Wannan ma idan memorin na gaske ne, don kasuwa cike take da jabu, a jiki an rubuta GB 128, a ciki bai kai rabin rabin haka ba. Idan kyamarar tana da zaɓin H.265 a saiti, a kunna shi. Yana iya rage girman bidiyo da kusan rabi.

Sai batun motsi. Yawancin kyamarori masu batir ko sola barci suke yi sai sun ji motsi, su ɗauki 'yan daƙiƙu, su koma. Mai saurin ƙafa kan wuce kafin su farka, a sami ƙeyarsa kawai. In kuma aka ƙure saitin, akuya ta gifta waya ta yi ƙara, ƙwari su taru a fitilar kyamarar da dare waya ta yi ta ƙara har asuba. Mai gida ya ƙosa, ya kashe gano motsin gaba ɗaya, bai san naɗin ya kashe ba. A yawancin manhajojin, maɓallin sanarwa daban yake, shi ya kamata ya taɓa.

Rumbun intanet kuma sai da wuta da sabis. In aka ɗauke wuta, na'urar wayfai ta mutu, babu abin da zai tafi. Ga tsadar data, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Tura bidiyon waccan kyamarar mai megabit 2 dare da rana zai lashe sama da GB 600 a wata. Memori shi kaɗai ma ba tsira ba ne, ɓarawo na iya ɓalle kyamarar ya tafi da ita. Mai hali ya haɗa biyun, ya kuma duba agogon kyamarar, don bidiyo mai kwanan wata na bogi wahala ce a gaban alƙali, inda sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kan shaidar da ta fito daga na'ura.

Wanda kuma ya kafa irin wannan kyamara tana kallon tsakar gida, inda iyali ke sakewa, ya sani cewa hoton yana fita daga gidan. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa kamfanin kyamarori na Ring biyan dala miliyan 5.8, bisa zargin da ya haɗa da cewa wani ma'aikacinsa ya riƙa kallon bidiyon mata a ɗakunansu. A 2024 kusan mutum 13,000 masu kyamarar Wyze suka ga hotunan gidajen wasu. Mu ma muna da dokar kare bayanai tun 2023, har da hukumarta a Abuja, amma har yanzu ana sayar da kyamarorin nan kamar ƙwan fitila, mai ɗaurawa ya tafi da kalmar sirrin gidan mutane a wayarsa, ba mai ce masa uffan.