Tsutsar masara: Baƙuwar da ta zo daga Amurka ta yi kaka-gida a gonakin Zamfara

Duk manomin da ya buɗe zuciyar masara a Tsafe ko Bungudu ya tarar da ganye ya huhhuje, ga kashi kamar dussa, ya san wadda ta kwana a wurin. Iyayensa kuwa ba su san ta ba.

Asalin wannan tsutsa nahiyar Amurka ne. A farkon 2016 aka fara ganin ta a Afirka, ciki har da kudu maso yammacin Najeriya, kuma masana na cibiyar IITA ta Ibadan suka tabbatar da ita. Uwarta, wani nau'in malam-buɗe-littafi mai tashi da dare, na iya cin kilomita 100 kafin gari ya waye. Ba masara kaɗai take ci ba, har dawa da gero da shinkafa, kuma idan ta girma takan cinye ƙananan tsutsotsin da ta tarar.

Sai dai ɓarnar da ba a cika lissafawa ba tana cikin jarkar feshi. Tsutsar na ɓuya can cikin zuciyar shuka, don haka manomi kan ƙara magani, ya sake ƙarawa. Waɗanda ke fara mutuwa su ne ƙudan zuma da tururuwa da zanzaro, alhali biyun ƙarshe ne ke farautar ta kyauta.

A Nijar, masu binciken ICRISAT sun gwada kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ke lalata ƙwayayenta. Wasu manoma kuma toka ko yashi suke zubawa a zuciyar masarar, tushe bayan tushe.